Kik ɗin da Ba Ya Cin Batir: Littafin Aikin Sharaɗa

Litinin, 2 ga Disamba 2024

Da hantsi Alhaji ya aiko direba ya ɗauke ni daga gareji zuwa masana'antarsa ta matsar man gyaɗa a Sharaɗa, Kano. Tun a mota direban yake ba ni labari: janaretan baya ya kusa wata biyu bai tashi ba, bakanike uku sun zo, kowa ya zagaya injin yana neman inda batir yake, bai gani ba, ya karɓi kuɗin mota ya kama gabansa.

Injin Detroit Diesel ne, 6-71, irin mai bugu biyu. General Motors ne ya fara ƙera wannan jinsin a 1938. Lambar 6 yawan silinda ce, 71 kuma girman cikin kowace silinda a ma'aunin kubik inci. Alhaji ya ce daga Fatakwal ya sayo shi, an ciro shi ne daga wani jirgin ruwa da aka yanka. Da jin haka na gane dalilin da ya sa ba a ga batir ba. Kik ɗinsa, wato abin da ke juya inji ya tashi, na haidirolik ne, matsin mai ke juya shi. Irinsa ake sawa a jiragen ruwa da wuraren haƙar mai da famfon kashe gobara, inda ba a son tartsatsin wuta, ko inda ba za a lamunci a zo tayar da inji a tarar batir ya mutu ba.

Kayan ba su da yawa: tankin mai, famfon hannu, tulun ƙarfe da ke ajiye matsi, bawul ɗin da ake takawa da ƙafa, sai kik ɗin kansa. Akwai kuma ƙaramin famfo a jikin injin da ke sake cika tulun idan injin ya tashi.

Na sa yaran wurin suka buga famfon hannu har geji, agogon auna matsi, ya nuna 3,000 a ma'aunin psi. Sun yi gumi duk da sanyin hunturu. Na taka bawul. Kik ya yi gurnani, ya juya injin sau ɗaya da rabi kamar mai jan buhu a yashi, ya tsaya. Mai kuma yana ɗiga ta ƙarƙashin gidan fulawil, wato babban faifan ƙarfe mai haƙora da kik ke kamawa ya juya inji.

Alhaji ya ce, "Malam, a cire wannan jarabar a sa mana kik na batir kamar na kowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, injin nan ko waya ɗaya ba ya buƙata kafin ya tashi. Nozul ɗinsa masu fesa gas ƙarfe ne ke tura su, ba lantarki ba. Batir biyu manya za ka saya, zafin Afrilu ya cinye su, in ma ba su yi ƙafa da dare ba. Ka ba ni wata guda."

Ya ce ya ba ni mako uku.

Talata, 3 ga Disamba

Kafin sifana ta taɓa ko noti ɗaya sai da na buɗe bawul ɗin sauke matsi, man tulun ya koma tanki. Na tsaya a kan yarona har ya maimaita mini dalili da bakinsa. Mai a 3,000 psi, idan ya fito ta ƙaramar kafa yana huda fata ya shiga cikin tsoka. A ido kamar sukar ƙaya ce, amma aikin likitan tiyata ne na gaggawa, kuma ana rasa yatsa a kai. Ba a neman yoyo da tafin hannu, da guntun kwali ake nema.

A wurin saukewar ne na fara zargin cewa ba kik ɗin kaɗai ke da laifi ba. Tulun irin mai fistin ne: gefe ɗaya mai, gefe ɗaya iskar naitirojin, fistin na tsakani. Idan kana sauke man a hankali, allurar geji za ta riƙa sauka sannu sannu, sai ta kai wani wuri ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Inda ta faɗin nan, shi ne matsin iskar da ke ciki. Farantin da ke jikin tulun ya ce 1,500. Allura ba ta faɗi ba sai a wajen 600.

Na zauna a kan bokiti na yi lissafi a bayan kwalin filta. Idan iska tana 1,500 aka matse ta zuwa 3,000, ta koma rabin wurinta ke nan, rabin tulu ya zama mai, kuma duk man nan zai fito ne da ƙarfin da bai gaza 1,500 ba. Idan kuwa 600 ce, sai an matse ta zuwa kashi ɗaya cikin biyar kafin geji ya nuna 3,000. Yara za su tura mai ya cika kashi huɗu cikin biyar na tulun, amma kashi ɗaya tal zai fita matsin ya rufto zuwa 1,500, sauran duk lami ne. Ga wahalar famfo ta ƙaru, ga ƙarfi ya ragu fiye da rabi, geji kuma yana nuna 3,000 ɗinsa babu kunya.

Mun kwance kik, noti uku ne ke riƙe da shi. Mun ɗauko tulun da famfon hannu ma, muka loda a adaidaita sahu.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na share benci, na shimfiɗa farar takarda, na rufe taga saboda ƙura. Kafin na raba gidan kik ɗin na buga alama da fanci a kowace mahaɗa. Wannan jinsin injin akwai mai juyawa dama akwai mai juyawa hagu, musamman na jiragen ruwa, don haka yadda na tarar da komai haka zan mayar da shi.

Bendis ne ya fara fitowa, wato ƙaramin giyan bakin kik da ke kama haƙoran fulawil. Wani bawan Allah ya taɓa cika shi da giris, giris ya haɗu da ƙura ya zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Irin wannan bendis ɗin saurin juyawar shaf ne ke wurga shi gaba a kan zarensa har haƙoransa su kama na fulawil, ba abin da ke tura shi. Da ya yi danƙo, sai ya tafi rabin hanya ya riƙa gwaguyar bakin haƙora. Uku sun ɗan gutsure.

Can ciki kuwa abin sha'awa ne. Ganga ce ta ƙarfe mai ramuka bakwai, kowane rami da fistin kamar ɗan yatsa. Kawunan fistin ɗin suna jingine da wani boris da aka kafa a karkace. Bayan gangar kuma tana gogar wani faranti mai kafa biyu masu siffar ƙoda, ɗaya ta shigar mai, ɗaya ta fitarsa. Mai ya turo fistin, fistin ya rasa hanyar miƙewa sai dai ya zame a kan gangaren boris, zamewar nan ita ke juya gangar, gangar ta juya shaf. Babu roba ko gasket tsakanin ganga da faranti. Santsin fuskokin biyu ne kaɗai ke tare mai.

Na aiki yaro wajen mai shayi ya karɓo mana kiret ɗin ƙwai. Na rubuta 1 zuwa 7 a ramukansa, kowane fistin ya fito sai gurbinsa. Fistin da raminsa sun shekara suna cin juna, in ka musanya su ka jawo wa kanka yoyo ko cijewa.

Ga abin da na tarar. Farantin yana da zane zagaye, kamar an ja shi da allura, kuma zanen ya ratsa daga kafar shiga zuwa kafar fita. Farcena yana kamawa a ciki. Ta nan mai ke tsallakewa ya koma tanki bai yi aikin komai ba. Boris ɗin karkace ya yi ƙuraje, in ka juya shi yana ƙaras ƙaras. Sil ɗin shaf ya bushe ya zama kamar ƙashi, shi ne mai ɗigar. Fistin shida lafiya lau, na 4 yana da ɗan karce amma bai kai ga farce ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Na koma Sharaɗa duba tanki, na ga asalin ciwon. Murfin shan iskarsa ya ɓata tun ba a san yaushe ba, an toshe wurin da tsumma. Man ciki ya yi kalar kunun kanwa, alamar ruwa ya shiga. A gindin tankin akwai laka da ta kai kaurin yatsa, ƙurar hunturu ce da dusar ɓawon gyaɗa. Filta kuma babu komai a cikin gwangwaninsa, wani ya ga ya toshe ya zare cikinsa ya yar.

Na juya fulawil da ƙarfe haƙori bayan haƙori ina haska fitila. Akwai 'yan wuraren da suka ci, don inji yakan tsaya ne a wurare ƙalilan kuma nan kik ke fara kamawa kullum, amma zai yi.

Talata, 10 ga Disamba

Yinin kasuwar Ƙofar Ruwa. Na zaga layin masu kayan manyan injuna da farantin a aljihu, kowa ya juya shi a hannu ya ce na famfon katafila ne, ya kawo mini wani abu daban. Na haƙura da neman sabo. Boris kuwa na dace da shi a Sabon Gari ta lambar da ke jikinsa, tare da sil guda biyu. Zobban roba na tulu babu girmansu, sai an aiko daga Legas. Mai shagon ya ce in biya yau, don ranar 20 zai rufe ya tafi gida Kirsimeti. Na biya.

Juma'a, 13 ga Disamba

Kwana biyu ke nan ina wasa faranti, kuma wannan ne aikin da ya fi kowane cin rai.

Na samo gilashi mai kauri, ragowar teburin wani ofis. Na shimfiɗa samfefa mai lamba 600 a kai, na jiƙa ta da man gas. Na shafe fuskar farantin da baƙin maka. Sai a kifa shi, a ɗora yatsu uku a tsakiya ba tare da dannawa ba, a riƙa zana lamba 8 a kan samfefar. Bayan zagaye goma a juya farantin kaɗan a hannu, don kada gefe ɗaya ya fi ci. A ɗaga a duba. Inda baƙin ya goge ya taɓa, inda ya rage rami ne.

Da farko bakin waje ne kawai ya goge, tsakiya na nan baƙi ƙirin. Bayan sa'a guda baƙin ya koma siraran zobba biyu, zanen nan da farcena ya kama. Nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya kai wa mai injin gurza ƙarfe a gama a minti biyar. Ban kai ba. Taurin irin wannan farantin sau da yawa a fata yake, in aka zurfafa aka kai ga ƙarfe mai laushi, wata uku ba zai yi ba.

Yarona ya karɓe ni da na tafi masallaci. Na dawo na tarar yana gurzawa gaba da baya kamar mai wankin wando, har gefe ɗaya ya fara kwantawa. Ban yi masa faɗa sosai ba, ni ma haka na yi wa maigidana a Fagge ina ɗan shekara goma sha biyar, sai dai shi bai tsaya bayani ba. Na sake shafa maka muka faro.

Daga 600 muka koma 1,000, sannan 1,500. Fuskar gangar ma haka, amma ita kaɗan ta buƙata. Da la'asar na wanke su tas, na ɗiga mai ɗigo biyu, na haɗa fuskokin na ɗan murza. Na ɗaga gangar, farantin ya biyo ta a manne bai faɗi ba. Yaro ya ce, "Oga, maganaɗisu ne?" Na ce santsi ne.

Laraba, 18 ga Disamba

Robobin Legas ba su iso ba. Na haɗa kik, kowane abu sai da na tsoma shi a sabon mai. Bendis na wanke shi da kananzir, na gyara bakin haƙoran da ƙaramin dutse, na sa masa mai marar kauri ɗan kaɗan. Giris bai ƙara ganinsa ba.

Famfon hannu ba shi da wata matsala sai ƙwallayen bawul biyu da suka yi tsatsa. Na canza su.

Litinin, 23 ga Disamba

Mako ukun Alhaji sun cika. Ya kira, na ce kaya na hanya. Ya ce, "Hanyar Legas ko ta Sin?" Mai shago ya riga ya tafi, wayarsa a kashe.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An buɗe shago, ashe kayan sun iso tun jajibirin tafiyarsa, suna cikin durowa.

Kafin na buɗe tulun na shafa ruwan sabulu a bawul ɗin iska. Kumfa ta riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar numfashin mai barci. Da na sauke iskar duka, na tabbatar babu sauran huci, na zare zuciyar bawul ɗin, sai ga ta irin ta tayar mota. Wani ya taɓa sa ta. Girmansu ɗaya, zarensu ɗaya, amma ta taya ba a yi ta don wannan matsin ba. Cikin kayan da na yi oda akwai ta ainihi.

Cikin tulun sumul yake, Alhamdu lillahi. Na sami mai kamar rabin kofin shayi a gefen iska, wato robar fistin ta fara bari. Na canza duka.

Sai maganar cikawa. Maƙwabcina mai walda, mutumin kirki, ya ga ina ta waya ina neman naitirojin, sai ga shi ya gangaro da silindarsa har ƙofar gareji. Ya ce, "Maigida, ga iska nan a banza kana wahala. Ai ta fi ƙarfin 1,500."

Oksijin ce. Na ce masa, "Malam, kai da kanka ba ka yarda giris ya taɓa kan silindar nan, ko ba haka ba?" Ya ce haka ne, tashi take yi. Na ce to tulun nan cikinsa mai ne. Oksijin da mai a ƙarƙashin matsi bam ne, ba sai an kawo ashana ba. Ko iskar kwamfuresa ba a sawa, don shi kansa injin gas haka yake kama wuta: a matse iska ta yi zafi, ta haɗu da mai. Naitirojin ba ta ci da wuta, shi ya sa ita kaɗai ake sawa. Ya yi shiru, ya ce, "Ashe da na kashe mu." Ya mirgina abarsa ya koma.

Laraba, 8 ga Janairu

Na sami silindar naitirojin haya wajen masu gyaran manyan na'urorin sanyaya ɗaki, da ita suke gwada yoyon bututu. Na haɗa ta da abin rage matsi, na ɗaure tulun a jikin benci, na kori kowa daga saitin murfinsa. A hankali na riƙa buɗewa. Iska tana ɗumi idan ana tura ta, don haka da allura ta kai 1,500 na rufe na je na sha shayi. Na dawo ta sauka kaɗan, na ƙara.

Na rubuta a jikin tulun da fenti: 1,500, safiyar hunturu. Dalili, matsin iskar da ke rufe yana bin zafi. Abin da aka cika a sanyin digiri 15, in zafin bazara ya kai 42 zai nuna wajen 1,640. Kada wani ya zo a Afrilu ya ce ta yi yawa ya sauke.

Alhamis, 9 ga Janairu

Mun wanke tanki, mun busa bututai, sabon filta, sabon murfin shan iska mai matata, sabon man haidirolik mai lamba 32. Muka ɗaura kik. Na bar gas a rufe don in ji juyin kawai.

Bugun famfon ya ragu sosai kafin a kai 3,000, yaran da kansu suka faɗa. Na taka. Injin ya juya da gudu har ƙasa na rawa.

Sai yaro ya nuna ƙasa. Mai na ɗiga daga gidan fulawil, daidai inda yake ɗiga ranar farko.

Na kwance, na buɗe a kan buhu. Leɓen sabon sil ya tsage, siririyar tsaga kamar gashi. Laifina ne. Ranar da na haɗa, na zura shi ta kan haƙoran shaf ban rufe su ba, kaifinsu ya yanke shi. Shekara ashirin da wani abu ina gaya wa yara kada su yi haka. Allah Ya sa biyu na saya. Na naɗe haƙoran da salatif, na shafa mai, sil na biyu ya wuce lafiya, na warware salatif ɗin. Yaro bai ce komai ba, amma na ga bakinsa.

Magariba ta yi mana a wurin, muka bar tayarwa sai jibi.

Asabar, 11 ga Janairu

Injin da ya yi wata uku a kwance ba a tayar da shi da ka. Na buɗe murfin sama na taɓa sandar da ke sarrafa nozul, na tabbatar kowanne yana tafiya yana dawowa, don in ɗaya ya cije a buɗe injin nan zai iya tashi da gudun da ba mai tsayar da shi. Na gwada marfin da ke toshe masa iska na gaggawa, yana faɗawa. Na sa yaro ya tsaya kusa da shi. Muka fitar da iska daga layin gas.

Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa da carbi.

Na yi bisimilla na taka. Bai kai daƙiƙa biyu ba ya kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, sannan ya washe. Wanda bai san Detroit ba zai ɗauka zai fashe ne, don kowace silinda tana bugawa a kowane juyi, kukansa ninki biyu ne na injin da aka saba ji, alhali a 1,500 yake tafiya a minti. Na duba geji: ya sauka zuwa wajen 2,300, ga shi yana hawa da kansa. Da ya kai 3,000 famfon injin ya saki. Na sa kwali a ƙarƙashin gidan fulawil, minti ashirin, ya fito a bushe.

Muka kashe, muka sake tayarwa sau uku. Na huɗu na sauke matsin duka na sa mai gadi, dattijo ne, ya buga famfon hannu shi kaɗai ya tayar, don ranar da za a ɗauke wuta da tsakar dare shi ne a wurin. Ya huta sau biyu a hanya, amma ya tayar.

Alhaji ya ce, "Mako uku ka ce." Na ce, "Wata guda na ce, ranka ya daɗe, kai ka ce mako uku." Ya ce to duka biyun an wuce. Ya yi dariya ya ce in biyo shi ofis.

Asabar, 25 ga Janairu

Na leƙa da safe. Na sauke mai a hankali ina kallon allura, ta faɗi a 1,500. Gindin kik a bushe. Man tanki garau.

Saura tiyo ɗin da ke tsakanin tulu da bawul, bayansa ya fara tsattsagewa har ana hango wayar ciki. Na auna tsawonsa da zaren bakinsa, Litinin zan kai a matsa sabo. Na kuma tarar an rataya rigar aiki a kan murfin shan iskar tanki, na cire, na buga musu ƙusa a bango.